Ƙaramar mota ga shan mai: daga ina matsalar take?

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya. Ya ce ya sayi ƙaramar mota ta hannu, mai inji lita 1.2 da giya otomatik, shekararta kamar 10 da ƙerawa, saboda ya ji ana cewa irinta ba ta wuce lita 5 a kilomita 100. Wata uku ke nan yana hawa, amma a ganinsa tanki ba ya jimawa. Tsakanin gidansa da wurin aiki kilomita 5 ne, hanyar kuma akwai cunkoso. Kullum da safe yakan tayar da ita ya bar ta tana sulo kamar minti 10 don inji ya ɗau zafi, esi kuma a kunne yake ko da yaushe. Bakanikensa ya ba shi shawara a cire tamastat, wato ƴar ƙofar da ke daidaita zafin ruwan inji, a kuma fasa katalis ɗin da ke cikin salansa, mai rage gubar hayaƙi, wai don inji ya sami numfashi. Tambayarsa ita ce: ya yarda a yi haka, ko kuwa ya sayar da motar ya nemi wata?

Malam, kada ka yarda a cire ko ɗaya daga cikin biyun, kuma kada ka yi gaggawar sayarwa. Na daɗe ina binciken injinan ƙananan motoci, kuma daga yadda ka bayyana zirga-zirgarka, zato mafi ƙarfi shi ne motar lafiyarta ƙalau, irin aikin da ake sa ta ne ba ya barin ta nuna halinta. Amma kafin mu kai nan, akwai abin da ban gani a tambayarka ba: adadi. Ka ce "a ganina", kuma ganin ido ba ya auna mai. Allurar geji ba ta sauka daidai wa daida, domin tankin mota ba akwati ba ne mai kusurwa huɗu, an lanƙwasa shi ne ya shige ƙarƙashin kujerar baya. Shi ya sa a motoci da yawa allurar kan daɗe a sama, da ta kai rabi kuma sai ta zube da sauri, mai mota ya ɗauka wani abu ya lalace.

Ga yadda ake awo na gaskiya. Ka cika tanki har bakin famfon gidan mai ya katse da kansa karo na farko, ka tsaya nan. Ka mayar da mitar ƙidayar tafiya sifiri. Ka ci gaba da harkokinka yadda ka saba, kada ka canja komai. Idan mai ya yi ƙasa, ka koma ka sake cikawa har ya katse, in da hali a famfo ɗaya. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da ka ƙona. Ka raba ta da kilomitar da mita ta nuna, ka ninka da 100. Misali, lita 28 a kilomita 330 ya zama lita 8.5 a kilomita 100, wato kusan kilomita 12 a kowace lita. Ka yi haka sau uku a jere ka ɗauki matsakaici, domin awo ɗaya yakan yi ƙarya.

Ita kuwa lita 5 ɗin da aka gaya maka, ba ƙarya ba ce, amma ba a kan titi aka same ta ba. A ɗakin gwaji ake ɗora mota a kan wasu naɗaɗɗun ƙarafa masu juyawa, a tuƙa ta bisa wani tsari da aka rubuta. Motar da ta kai shekara 10, in ta kasuwar Turai ce, da tsohon tsarin NEDC aka gwada ta: tafiyar kusan kilomita 11 cikin minti 20, ana taka totur a hankali ƙwarai, babu esi, babu hawa, babu iyali a kujerar baya. Saboda kowa ya san adadin da yake bayarwa ya yi kyau fiye da kima, aka maye gurbinsa da WLTP daga watan Satumba na 2017, wanda ya fi tsawo, minti 30 da kusan kilomita 23, ya kuma fi kama da tuƙin mutane. Duk da haka shi ma esi a kashe ake yin sa. Amfanin waɗannan lambobi shi ne kwatanta mota da mota. Ba alkawari ba ne ga kowane direba a kowace hanya.

Inda gizo ke saƙa a wurinka shi ne kilomita 5 ɗin nan. Injin fetur an tsara shi ya yi aiki ruwansa na wajen digiri 90 na zafi. A wannan yanayi kwamfutar mota tana haɗa iska da fetur a ma'aunin da ya fi dacewa, kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur ta nauyi, tana kuma gyara shi kowane lokaci da taimakon sensar iskar oksijin da ke bakin salansa. Amma inji mai sanyi ba haka yake ba. Fetur ba ya zama tururi sosai a jikin ƙarfe mai sanyi, wani ya maƙale a bango bai ƙone ba, don haka dole kwamfuta ta ƙara yawan abin da injekta ke fesawa. Baƙin mai ma yana da kauri a lokacin, yana riƙe sassan inji, man giya haka. Minti na farko zuwa na biyar ko fiye, motar tana cin mai kamar wadda ta ninka ta girma. Mai tafiyar kilomita 60 ba ya jin wannan, ya narke cikin sauran tafiyar. Kai kuwa, daidai lokacin da inji ya fara daidaita, ka iso ka kashe. Da yamma ya huce, a sake daga farko. Kusan duk rayuwar motarka a wannan mummunan zangon take tafiya.

Za ka ce ai shi ya sa nake barin ta ta yi sulo. To wannan ɗabi'a gado ce daga zamanin kafireto, lokacin da mota ke shaƙewa ta mutu in ba ta ɗau zafi ba. Mota mai injekta ba ta buƙatar haka. Inji a tsaye yana ɗumama a hankali ƙwarai, alhali in yana jan mota yakan kai zafinsa da wuri. Kuma ƙaramin inji a sulo yana ƙona kamar rabin lita zuwa lita ɗaya a awa, esi ya ƙara kai. Mu ɗauki lita 0.6: minti 10 ya zama lita 0.1 a rana, lita 3 a wata, mota ba ta motsa ko taku ɗaya ba. Ga wanda duk tafiyarsa ta yini ba ta wuce kilomita 15 ba, wanda ya kamata lita ɗaya ta ishe shi, wannan kusan kashi ɗaya ne cikin goma na mansa. Ka tayar, ka jira daƙiƙa 30 mai ya zaga inji, ka sa bel, ka tafi a hankali ba tare da matsa totur ba har allurar zafi ta hau. Haka in za ka jira wani fiye da minti ɗaya ko biyu a wurin da ba cikin hanya ba, kashewa ya fi.

Yanzu ka ga dalilin da ya sa shawarar cire tamastat ta fi damuna a duk tambayarka. Tamastat ƙofa ce ƙarama tsakanin inji da lagireto. Idan inji na da sanyi sai ta rufe, ruwa ya yi ta zagawa cikin inji kaɗai ya ɗumama da sauri; idan ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, gwargwadon mota, sai ta buɗe ruwa ya tafi lagireto ya huce. In aka cire ta, ruwa zai riƙa zagawa lagireto tun daga tayarwa, inji ya daɗe bai kai zafinsa ba, wani lokacin ma a buɗaɗɗiyar hanya ba zai kai ba sam. Sensar zafin ruwa ta ci gaba da gaya wa kwamfuta cewa inji da sanyi, kwamfuta ta ci gaba da ƙara fetur. Ciwon da kake kuka da shi ne za a mayar na dindindin, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma ba mai kaɗai za ka yi asara ba. Rarar fetur ɗin tana wanke man da ke jikin silinda, ta gangara ta tsinka baƙin mai, rin, wato zoben fistin, da silinda su ci juna kafin lokacinsu.

Tunda motar ta hannu ce, ka ma bincika ko mai ita na farko bai riga ya cire ba. Alamar a fili take: in ka yi minti 15 kana tafiya allurar zafi ba ta kai inda ta saba tsayawa ba, ko tana hawa a cunkoso tana sauka in hanya ta buɗe, to tamastat ba ta nan ko ta maƙale a buɗe. Na sha ganin motar da aka canja mata fulogi da injekta da famfon mai ana neman dalilin shan mai, ashe wannan ɗan ƙarfen ne babu. Idan kuwa mota na yin zafi fiye da kima, a nemi dalilin a inda yake: lagireto ya toshe, fanka ba ta tashi, famfon ruwa ya gaji, murfin lagireto ba ya riƙe matsi, ko gasket ya ƙone. Haka nan haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, shi ma ɓata lissafin zafin inji ne, ga nauyin da yake ɗora wa altaneta.

Maganar katalis gajera ce. Lafiyayyen katalis ba ya hana inji numfashi ta yadda za ka gani a tanki. Aikinsa mayar da guba irin su kabon monoksaid zuwa abin da bai kai su illa ba, kuma kai da iyalinka da na bayanka a cunkoso ku ne masu shaƙar abin da ke fita. Ƙasashe da yawa sun haramta cire shi. Gaskiya ne yana iya toshewa, kuma in ya toshe mota takan rasa ƙarfi ta ƙi hawa gudu, mai ya ƙaru. Amma wannan ana gwada shi ne da geji a auna matsin hayaƙi, ba a yanke hukunci da ka. In ya tabbata ya toshe a canja shi, a kuma gano abin da ya kashe shi, domin yawanci inji mai ƙona baƙin mai ko mai ɓarin wuta ne sanadi.

Abin da ya dace bakanike ya yi shi ne ya jona na'urar bincike a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Tsarin wannan soket, da ake kira OBD-II, ya zama wajibi a motocin Amurka tun 1996, makamancinsa kuma a motocin fetur na Turai tun 2001, don haka motarka tana da shi. Kada ya tsaya ga goge lambar kuskure. Ya duba zafin ruwa da kwamfuta ke gani, ya duba ko sensar oksijin tana motsi da sauri ko ta yi kasala, ya duba yawan gyaran da kwamfuta ke yi wa fetur. In gyaran ya wuce kashi 10 cikin ɗari ta kowane ɓangare, akwai abin nema: iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, ko sensar iska ta yi datti, ko injekta na ɗiga. Idan ka murɗa makulli kafin ka tayar, ka tabbata fitilar inji ta kama a dashbod sannan ta mutu bayan tashi. In ba ta kama ba ko kaɗan, wataƙila an kashe ta ne don a ɓoye wani abu kafin sayarwa.

Sai kuma ƙafarka. Duk lokacin da ka taka burki, gudun da ka saya da fetur ne kake mayarwa zafi a jikin faifan burki. Kuma ƙarfin da ke cikin mota mai tafiya ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Wanda ya taka ya kai 60 tsakanin danja da danja sannan ya danna burki ya zubar da ninki huɗu na wanda ya tsaya a 30, kuma a danja ɗaya za su haɗu. Direban da ya iya tattalin mai ba lallai ne ya zama mai nawa ba, mai hangen nesa ne. Yana barin tazara tsakaninsa da na gaba, yana ɗaga ƙafa tun daga nesa in ya ga za a tsaya. Motoci masu injekta suna yanke fetur gaba ɗaya idan ka saki totur mota na gangarawa a cikin giya. Saboda haka sa mota a firi a gangara ba tattali ba ne: a firi dole inji ya sha mai don kada ya mutu, ga shi ka rasa riƙon da inji ke yi wa mota, duk nauyi ya koma kan burki. A otomatik ma yana iya cutar da giya.

A babbar hanya kuma iska ce abokiyar gaba. Turjiyarta ita ma haka take ninkuwa: daga 100 zuwa 120 ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, abin da ka ci riba kuwa minti 10 ne a tafiyar kilomita 100. A nan ne ƙaramar mota ke rasa fifikonta. Sirrin ƙaramin inji shi ne a tuƙin yau da kullum yana aiki kusa da inda ya fi iyawa, ba kamar babban inji da ke tafiya a shaƙe da totur kusan a rufe ba. Amma in ka loda manya biyar da kaya, wajen kilo 400 a kan motar da ita kanta ba ta fi kilo 1,000 da kaɗan ba, ka kunna esi ka ce sai ta yi 130, to ta fita daga inda take da daɗi, kuma za ta iya shan abin da mota mai lita 1.8 za ta sha a wannan tafiya, ita tana nishi waccan tana hutawa. Tsakanin 70 zuwa 90 ne yawancin irin waɗannan motoci suka fi tattali. In akwai maɗaukin kaya a saman rufi kuma ba ka amfani da shi, ka kwance.

Esi ba zan ce ka kashe ba, lafiya da natsuwar direba sun fi lita. Sai dai ka sani kwamfuresa yana cin ƙarfi kusan iri ɗaya ko a babbar mota ko a ƙarama, don haka ƙaramin inji ya fi jin sa, kuma a gajerar tafiya cikin tsananin zafi yana iya ɗaukar har kashi ɗaya cikin huɗu na man. Ajiye mota a inuwa, da buɗe gilasai minti ɗaya zafin ciki ya fita kafin ka kunna, da danna maɓallin da ke zagaya iskar ciki, duk suna rage masa aiki.

Taya kuwa, ka nemi takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, nan aka rubuta iskar da ta dace, galibi tsakanin 30 zuwa 35 a ma'aunin PSI. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Ka sayi ɗan gejinka ka riƙa aunawa da safe taya na da sanyi, ko sau ɗaya a wata. Ragin iska kaɗan ba ya ƙara mai da yawa, amma yana cinye gefen taya yana sa ta zafi, kuma taya mai zafi ita ke fashewa. Cika ta fiye da kima don tattali shi ma kuskure ne, yana rage kamun ƙasa. Tunda ka sunkuya, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da mutane ba sa yi. Bayan tafiya, ka kai hannu kusa da kowane wili ba tare da taɓawa ba. In ɗaya ya fi sauran zafi sosai, burkinsa na kamawa, kuma mota mai jan burki tana shan mai ba tare da wata fitila ta nuna ba.

Baƙin mai, bi abin da littafin motar ya ce. Injinan zamani da yawa an yi su ne don mai mara kauri irin 0W-20 ko 5W-30, ramukan da man ke bi ƙanana ne. Zuba 20W-50 don kawai an saba da shi yana ƙara wa inji nauyi, yana kuma jinkirta isar mai saman inji da safe. Ka lura da wani shafi a littafin da ke magana a kan aiki mai tsanani: gajerun tafiye-tafiye, yawan sulo, ƙura, zafi. Mutane kan ɗauka wanda ba ya tafiya mai nisa yana lallaɓa motarsa ne, alhali shi ne ke cikin wannan rukuni. Ruwa da fetur suna taruwa a cikin man saboda bai taɓa yin zafin da zai ƙone su ba. Don haka ka yi juye da lissafin watanni ko da kilomita ba ta cika ba, kuma sau ɗaya a mako ko biyu ka ba ta tafiyar minti 30 a buɗaɗɗiyar hanya. Batir ma zai amfana, domin tafiyar kilomita 5 da ƙyar take mayar da cajin da tayarwa ta ci.

Akwai abubuwa biyu da ke halaka ƙaramar mota ta hannu farat ɗaya, kuma ba su da alaƙa da shan mai, amma kuɗin gyaransu ya fi duk abin da za ka tara na tattali a shekaru. Na farko bel ɗin taimin, in injinka mai bel ne ba mai sarƙa ba. In ba ka da shaidar ranar da aka canja shi, ka ɗauka ba a canja ba, domin a injina da yawa in ya tsinke fistin kan daki bawul. Na biyu man giya. Ƙananan motoci da yawa giyarsu irin CVT ce, wani nau'in otomatik da ba shi da matakan giya, wadda ke da manta na musamman, kuma zuba mata man otomatik na gama-gari yana kashe ta. Ka kuma daina barin tanki ya yi ƙasa har fitila ta kama a kai a kai, domin famfon mai a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Haka ɗura mai bayan famfon gidan mai ya katse yana tura fetur cikin tukunyar gawayin da aka yi don kama tururi kaɗai.

Kada ka kashe kuɗi a kan maganaɗisun da ake maƙalawa a bututun mai, ko ƙwayoyin jefawa a tanki, ko ɗan akwatin da ake sokawa a soket wai yana rage shan mai. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan fiye da 100, ba ta sami wanda ya yi wani tasirin kirki ba. Fetur mai lambar okten sama da wadda littafinka ya nema shi ma ba ya ƙara nisa, lambar juriya ce ga ƙwanƙwasar inji, ba ƙarfi ba.

Game da sayarwa, mu yi lissafi da lita. Kilomita 15 a rana wajen 5,500 ne a shekara. Ko da ka sami motar da ta fi taka tattali da lita 2 a kowace kilomita 100, lita 110 ka tsira da ita a shekara guda. Ka kwatanta kuɗin wannan da faɗuwar da za ka yi in ka sayar, da ƙarin da za ka cika, da sabis ɗin farko na wata motar da ba ka san tarihinta ba. Kuma duk motar fetur da ka saya, wannan kilomita 5 ɗin da inji mai sanyi suna jiran ta. Wadda ta bambanta da gaske a cunkoso ita ce mai haɗa fetur da lantarki, irin tsarin da Toyota ta fito da shi a Prius a 1997, domin tana kashe inji in an tsaya, tana kuma mayar da wani kaso na ƙarfin burki cikin batir. Ita ma ta fi biyan kuɗinta ga mai yawan zirga-zirga, kuma ta hannu sai an gwada lafiyar babban batirinta.

Ka fara da awon nan uku yadda kake tuƙi yanzu. Sannan ka bar sulo na safe, ka daidaita iskar taya, ka tabbatar tamastat na nan tana aiki, ka sake awo. Ka kuma yi gwaji guda na doguwar tafiya: cika tanki, kilomita 150 ko fiye a gudun 90, sake cikawa. In a wannan tafiya ta ba ka tsakanin lita 5 zuwa 6, injinka lafiya yake, kuma lita 8 a cikin gari da esi da irin hanyarka ba abin tayar da hankali ba ne. In kuwa a doguwar tafiyar ma ta haura lita 7.5, akwai cuta, sai ka kai ta wurin mai na'urar bincike da takardar awonka a hannu, ka ce ya fara da zafin ruwa da sensar oksijin kafin ya kwance komai.